Ɗaki Ya Cika da Tarkace, Amma Zubarwa Na Yi Mini Kama da Zunubi

Wata mai karatu ta rubuto, ga abin da ta ce a taƙaice:

"Shekarata 41, kuma yau shekara goma sha biyu ke nan muna zaune a gida ɗaya. Ɗaki guda cur ya koma ma'ajiyar tarkace: tufafin da suka yi mini kaɗan, kayan wasan yaran da suka riga suka girma, tsofaffin wayoyi biyar, cajojin da ban ma san na mene ne ba, injin markaɗe da ya ƙone, katifar da ta lotsa, robobi marasa murfi, da kyaututtukan da ban taɓa amfani da su ba. Maigidana yana so a kwashe su ɗakin ya zama na babbar 'yarmu, ni ma haka nake so. Amma duk lokacin da na ɗauki abu zan jefa a shara sai ƙirjina ya yi nauyi, in tuna kuɗin da aka kashe, in tuna hotunan da nake gani na robobi jibge a bakin teku, sai in ji kamar ni ce almubazzarar da ke ɓata ƙasa. Sai in mayar da abin inda yake, in ja ƙofa. Sau huɗu ina farawa ina bari. Yaya zan yi in rabu da kayan nan ba tare da na yi ɓarna ba?"

'Yar'uwa, nauyin da ƙirjinki yake yi ba aibi ba ne, kuma ba zan yi ƙoƙarin raba ki da shi ba, domin mai jin ciwon ɓarna ya fi wanda ke watsar da abu ko a jikinsa. Abin da nake so ki lura da shi shi ne kin tsayar da mai gadinki a ƙofar da ba ta nan ɓarawo yake shiga ba. Kin sa shi a ƙofar fita, yana hana komai barin gidan, alhali kuwa ɓarnar da kike tsoro ta ƙofar shiga ta biyo, kuma ta daɗe da gama aikinta.

Ki ɗauki rigar auduga guda daga cikin waɗanda suka yi miki kaɗan. An ƙiyasta cewa daga noman audugar zuwa ɗinka riga mai gajeren hannu ɗaya tak ana shanye ruwa kimanin lita 2,700. Wannan ruwa ya tafi tun kafin ki ga rigar a rataye, kuma ko kin ajiye ta shekara ashirin a ninke, ko ɗigo ɗaya ba zai dawo ba. Haka wayoyin nan biyar suke: rahotannin da kamfanin Apple yake fitarwa kan wayoyinsa na iPhone sun nuna cewa kusan kashi 80 cikin 100 na hayaƙin da waya ke jawowa a duk tsawon rayuwarta, wajen haƙo ma'adinanta da ƙera ta yake fita, ba wajen amfani da ita ko zubar da ita ba. Saboda haka tsare kaya a ɗaki don gudun ɓarna ihu ne bayan hari. In faɗa miki gaskiya mai ɗaci, ɗakin nan naki ya riga ya zama juji. Bambancinsa da na bayan gari kawai shi ne nasa yana da rufi da ƙofa, kuma 'yarki ce take biyan kuɗin hayarsa da matsin da take kwana a ciki.

Akwai ma abin da ya fi wannan muni, wato ajiyar kanta tana cin kaya. Na taɓa samun takalmi mai kyau wanda na ga ya fi ƙarfin sawar yau da kullum, na nannaɗe shi a kwalinsa na ɗora saman kabad ina jiran ranar da ta dace da shi. Bayan wajen shekara shida ranar ta zo, na sa shi fes kamar sabo, amma ban kai ga fita daga gida ba na ji ƙafata tana nutsewa. Da na duba, sai ga tafin takalmin yana marmashewa kamar busasshiyar laka, na bar baƙin gari a duk inda na taka. Irin robar da ake yi wa wasu takalma tafi da ita tana shan laimar iska ta ruguje ko ba a taka ta ba. Da na ba wani shi tun shekarar farko, da ya more shi har ya tsufa. Haka robar ƙugun wando take saki a cikin akwati, batir ya zubar da ruwansa a cikin abin wasan yara ya cinye ƙarafansa, asu da laima su shiga tufafi, waya kuma ta tsufa har manhajojin zamani su daina hawa kanta. Kowace shekara da kika ƙara kina jiran hanyar rabuwa mai tsarki, wani abu da zai amfani mutum yana tashi daga sahun kyauta ya koma sahun shara.

Wani ɓangare na nauyin kuma ba na muhalli ba ne, na mallaka ne. Masanin tattalin arziki Richard Thaler, wanda ya samu lambar Nobel a 2017, ya daɗe yana nazarin yadda abu ke ƙara daraja a idon mutum don kawai ya zama nasa. A wani gwaji da shi da Daniel Kahneman da Jack Knetsch suka wallafa a 1990, an raba wa wasu ɗalibai kofunan shayi aka bar wasu hannu rabbana, sai aka tarar waɗanda aka ba kofin suna neman kusan ninki biyu na abin da sauran suka yarda su biya, alhali minti kaɗan da suka wuce babu mai kofin a cikinsu. Idan minti kaɗan sun yi wannan aiki, ina ga shekara goma sha biyu? Maganin wannan tambaya ce guda da za ki riƙa yi wa kanki: da a hannun wani na ga abin nan yau, a yadda yake ɗin nan, aka ce in ɗauka kyauta, zan kai shi gida? Kuɗin da kika kashe kuwa aikin gama ya gama, ganin kayan kullum ba ya dawo da shi, tuna miki asarar kawai yake yi.

Kin tambayi yadda za ki rabu da kayan ba tare da ɓarna ba. Ba zan yaudare ki ba: babu wannan hanya, kuma nemanta ne ya sa kika ja ƙofa har sau huɗu. Ko sake sarrafa shara da ake ta yayatawa bai kai yadda ake zato ba. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya gano cewa daga cikin sharar roba kimanin tan biliyan 6.3 da duniya ta tara zuwa 2015, kashi 9 cikin 100 kaɗai aka sake sarrafawa, aka ƙona kashi 12, sauran kashi 79 suna jibge a juji ko warwatse a sarari. Tufafi sun fi haka taɓarɓarewa, domin gidauniyar Ellen MacArthur ta ruwaito a shekarar cewa abin da ake mayarwa sabuwar tufa daga tsohuwa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Ban kawo waɗannan alƙaluma don in ƙara miki damuwa ba. Na kawo su ne don ki gane cewa an ƙera yawancin kayan nan ba tare da an tanadar musu makoma ba, kuma ba ke kika tsara hakan ba. Abin lura ne ma cewa kamfanin mai na BP ne ya yayata, tun daga 2004, dabarar nan ta kowane mutum ya lissafa nasa kason na hayaƙin da ke ɗumama duniya. Lissafin ba ƙarya ba ne, amma ya iya karkatar da ido daga manyan masu ɓarna zuwa ga mace irinki da ke tsaye da robar da ba ta da murfi a hannu. Naki aikin shi ne ki rage ɓarnar gwargwadon ikonki cikin ƙayyadadden lokaci, ba ki shafe ta daga doron ƙasa ba.

Da yake ƙarfinki da lokacinki suna da iyaka, ki zuba su inda illar take da gaske. A ɗakin nan duka, abubuwan da suka cancanci ki sha wahala a kansu ba su cika kwali ɗaya ba: wayoyin, baturan, ƙwayayen fitila masu dogon bututu ko masu murɗe, ragowar magunguna, da gwangwanayen fenti ko maganin ƙwari idan akwai. Batirin waya na litiyam yana iya kamawa da wuta idan aka matse shi ko aka huda shi, kuma ya sha tayar da gobara a motocin kwasar shara. Wanda ya kumbura kuwa kada ki bar shi kusa da tufafi ko da kwana ɗaya. Ƙwayayen fitilar da na ambata suna ɗauke da zaiba, batirin mota da dalma, tsohon firji kuma da iskar gas da ba a so ta tsere sama. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce a 2022 duniya ta zubar da sharar kayan lantarki tan miliyan 62, kuma kashi 22.3 cikin 100 ne kaɗai aka tabbatar an tattara an sarrafa ta hanyar da ta dace. A nan ne hannunki zai yi tasiri. Ki kwashe hotunanki daga wayoyin, ki cire layi da katin ajiya, ki mayar da kowace yadda ta fito daga kamfani, sannan ki kai wa masu gyaran waya, waɗanda ko matacciya ce suna cire gilashinta da sauran sassanta su raya wata, ko kuma ki kai wurin da aka keɓe don karɓar sharar lantarki idan akwai shi kusa da ke. Magunguna kuwa ki tambayi kantin magani ko suna karɓa. Kada ki zuba su a masai ko magudanar ruwa, kuma kada ki ba kowa ragowar maganin da aka rubuta wa wani. Abu ɗaya da zan hana ki kai tsaye shi ne ƙonawa. Tara roba da katifa a cinna musu wuta ya fi kai su juji illa nesa ba kusa ba, domin hayaƙin yana ɗauke da guba, kuma huhun 'ya'yanki da na maƙwabta ne zai fara karɓarta.

Sai kayan da ke da sauran mora. An ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma a naki sha'anin gyaran kayan shi ne a sauke a raba. Sharaɗin kawai shi ne ki yi gaskiya a cikin kyautar. Mutane da yawa, don su tsere wa nauyin zuciya irin naki, sukan cusa yagaggun tsummoki masu tabo a buhu su kai wa masu karɓar taimako, su koma gida da sakakkiyar zuciya, alhali aikin zubarwar kawai suka ɗora wa wani. Ƙarshen irin wannan ana ganinsa a kasuwar Kantamanto da ke Accra, inda ƙungiyar Or Foundation ta ƙiyasta cewa tufafin gwanjo kusan miliyan 15 ke shiga duk mako, kuma wajen kashi 40 cikin 100 nasu shara suke komawa. Ana ganinsa kuma a tsaunukan tufafin da aka jibge a hamadar Atacama ta ƙasar Chile. Ko a koyarwar addini an hore mu da kada mu zaɓi lalataccen abin da mu kanmu ba za mu karɓa ba sai da runtse ido, mu ce shi za mu bayar. Ma'aunin mai sauƙi ne: abin da za ki iya miƙa wa ƙawarki hannu da hannu ba tare da kin ba da haƙuri ba, shi ne kyauta. Ki wanke shi, ki ninke, ki haɗa kayan wasa da 'yan'uwansu a leda ɗaya.

Ki kuma tambaya kafin ki kai, domin ba kowane mai buƙata ne yake buƙatar abin da ya dame ki ba. Hanya mafi sauri a yau ita ce ki ɗauki hoto ki tura a zauren WhatsApp na dangi ko na maƙwabta, ki rubuta cewa kyauta ne, wanda ya fara zuwa kafin rana kaza shi ne mai shi. Wannan ba baƙuwar dabara ba ce; a kanta aka gina ƙungiyar Freecycle da aka kafa a Tucson ta Amurka a 2003, kuma ta bazu ƙasashe da dama. Kada ki tsaya neman mutumin da ya fi kowa cancanta, kada kuma ki bi sawu ki ga me aka yi da abin. Sayarwa kuwa ban cika ba da shawararta ba sai ga abu biyu ko uku masu daraja sosai, su ma da wa'adin mako biyu, domin na ga gidaje da yawa inda tarkacen "zan zubar" ya sauya suna ya zama tarkacen "zan sayar" ya ci gaba da zamansa.

Injin markaɗen ki ba shi dama ɗaya. Ki kai wa mai gyara a wannan makon; sau da yawa abin da aka ce ya ƙone fis ne ko waya ta tsinke, kuma wuraren gyara na sa-kai da suka faro daga Amsterdam a 2009 sun nuna cewa kaso mai yawa na irin waɗannan kaya suna tashi da ɗan taɓawa. Idan ya ce motar injin ce ta mutu kuma gyaran ya kusa kuɗin sabo, ki bar masa shi ko ki ba masu sayen tsofaffin ƙarafa, tare da tarin cajojin, domin jan ƙarfen da ke cikinsu abin nema ne. Ƙarfe dai shi ne abin da sake sarrafa shi yake aiki da gaske: narka tsohon alminiyam yana cin kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai na makamashin da ake buƙata a samar da sabo. Kwalaye da takardu ma suna da masu karɓa.

A nan ina so in ja kunnenki kan wani tarko da masu tausayin kaya suke faɗawa, wato "zan yi wani abu da shi". Tsohuwar riga tana zama tsumman goge-goge, haka ne, amma gida ba ya buƙatar tsumma hamsin. Ki yanka biyar ki sallami sauran. Robar da ba ta da murfi tana iya zama mazubin ƙusoshi ko tukunyar shuka, amma idan ba a wannan watan za ki shuka ba, ba za ki shuka ba.

Bayan duk wannan za a samu ragowa: katifar da ta lotsa, robobin da suka tsage, 'yar tsanar da ba ta da kai, tufafin da laima ta cinye. Waɗannan ki zuba su a buhu, ki ɗaure, ki kai inda ake kwasar shara, kuma ni na ɗauke miki nauyin tunanin cewa kin yi zunubi. Almubazzaranci shi ne salwantar da abu mai amfani, abin da amfaninsa ya ƙare kuwa ba a yin almubazzaranci da shi. Za ki ji zafi lokacin da buhun zai fita, kuma ban ga laifin hakan ba.

Kyaututtukan ba su da wuyar sha'ani kamar yadda kike gani. Wanda ya ba ki ya nuna ƙauna, kin karɓa kin gode, saƙo ya isa; bai ɗauke ki aikin gadin kwali ba. Kayan yaran kuwa ki kira su su zaɓi abu ɗaya ko biyu da suke so a ajiye, ke ma ki zaɓi naki, ki tanadi akwati guda wanda idan ya cika an rufe ƙofa. Za ki sha mamakin yadda abin da kike riƙe da shi dominsu su ba su ma tuna da shi ba.

Dalilin da ya sa kika fara sau huɗu kika bari, a ganina, shi ne kina shiga ɗakin gaba ɗayansa, kuma kowane abu da kika ɗaga sai kin yi masa shari'a daga farko. Ƙwaƙwalwa tana gajiya da yanke hukunci kamar yadda hannu ke gajiya da ɗaukar kaya. Ki ɗauki iri ɗaya a rana ɗaya, awa guda kawai: yau wayoyi da cajoji, gobe takalma, jibi robobi. Abin da aka yanke wa hukunci kuma ya bar gidan a ranar, ko aƙalla kada ya sake kwana a wannan ɗakin, domin buhun da ya kwana uku a bakin ƙofa sai an kwance shi. Nan ne maigidanki zai yi amfani. Ku yi yarjejeniya cewa ba zai zubar da komai a bayan idonki ba, ke kuma duk abin da kika ɗaure shi ne zai fitar da shi nan take, ba tare da ya ce "ai da ma na faɗa miki" ba. Idan kuwa kika ga ko da wannan tsari rabuwa da takarda ɗaya tana jefa ki cikin firgici, ko tarin ya fara cin falo da hanyar wucewa, to ki ga likitan da ya san lafiyar ƙwaƙwalwa, domin tun 2013 aka amince da matsanancin tara kaya a matsayin lalura mai zaman kanta da ake iya taimaka wa mai ita. Daga wasiƙarki ban ga alamar kin kai can ba.

Yayin da kike kwashewa, ki ajiye ɗan littafi a gefe, ki riƙa rubuta abin da kika fitar wanda ba a more shi ba, da dalilin da ya shigo da shi gidan. Kafin ki gama za ki ga bakin zaren: wataƙila rangwame ne yake jan ki, wataƙila sayen tufa da fatan za a rame, wataƙila kunyar cewa "na gode, ina da shi" idan an miƙo miki abu. Wannan littafi shi ne takardar kama aikin mai gadinki a sabuwar ƙofarsa. Idan kin ga abu ya burge ki, ki bari ya kwana bakwai kafin ki saya, ki tambayi kanki ko aro zai wadatar, kuma ki san inda zai zauna a gidan da abin da zai fita ya ba shi wuri.

Sannan ki zauna da 'yarki ki sa mata ranar da za ta fara kwana a ɗakin, mako shida daga yau ya isa, ki faɗa mata da bakinki a gaban mahaifinta. Ki fara da wayoyin nan biyar ranar Asabar mai zuwa, ki duba ko akwai wadda batirinta ya kumbura, ita ce za ta fara fita.